Ɗana ya kare fuskarsa da na ɗaga hannu: yaya Kirista zai yi da zuciya?

Uban Yara Uku:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa, don abin kunya ne ga mutum irina. Shekarata 41, aurenmu shekara 13, Allah ya ba mu yara uku. Ni ne malamin ajin matasa a makarantar Lahadi. In ka tambayi kowa a majami'armu zai ce maka ai wane ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. A wurin aiki ma haka. Akwai ranar da shugabana ya wanke ni tas a gaban yaran da ke ƙarƙashina, a kan laifin da ba nawa ba. Na ce "To, ranka ya daɗe, za a gyara," na koma kujerata na zauna.

A gida kuwa wani mutum ne ni dabam.

Ranar Talatar da ta wuce na dawo a gajiye. Babban ɗana, shekararsa 9, ya ɗauki wayata yana wasa da ita, ta suɓuce masa ta faɗi, gilashin ya tsage. Ban san lokacin da na fara ihu ba. Ban taɓa shi ba, Allah shaida ne, amma abin da ya fita daga bakina ya fi duka. Na ce masa ba shi da amfani, duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Na suri kujerar roba na maka ta da bango, ƙafarta ta karye. Ƙannensa biyu suka shige bayan uwarsu. Ita kuwa ko uffan ba ta ce ba, ta dai tsaya tana kallona, irin kallon nan da gara a zage ka.

Washegari da safe muka taru za mu yi addu'a kamar kullum. Na miƙa hannu sama zan ɗauko Littafi Mai Tsarki daga kan kanta, yaron yana tsaye kusa da ni. Yana ganin hannuna ya tashi sai ya duƙa ya kare fuskarsa da hannu biyu. Tunda aka haifi yaron nan ban taɓa marinsa ba, amma jikinsa ya riga ya yarda cewa ranar tana zuwa. Na buɗe littafin na kasa ganin layi.

Kada wani ya ce ban yi ƙoƙari ba. Na yi azumin kwana uku har sau biyu a kan wannan hali. Na haddace Yakubu 1:19-20, na rubuta na manna a jikin madubi, cewa mutum ya zama mai saurin ji, mai jinkirin magana, mai jinkirin fushi. Na fita gaba an ɗora mini hannu an yi addu'a. Kowane lokaci nakan samu mako biyu ko uku lafiya lau, har in ce na rabu da shi, sai wani ɗan ƙaramin abu ya taso, idona ya rufe. Mahaifina ma haka yake, muna jin tsayuwar kekensa gidan ke yin tsit. Na rantse ba zan zama shi ba, ga shi na zama.

Abin da nake so a warware mini: fushin kansa zunubi ne, ko abin da mutum ya yi da shi? Ai Yesu ma ya kife tebura a Haikali. In kuwa zunubi ne, me ya sa nake roƙo Allah bai cire mini ba? Sai kuma maganar Afisawa 4:26, cewa kada rana ta faɗi muna cikin fushi. Saboda ayar nan duk ranar da muka saɓa da matata nakan matsa sai mun gama magana kafin mu kwanta, ita kuma ta ce in bar ta sai da safe, daga nan wani sabon faɗan ya tashi. Ta ƙarshe, ya kamata in ajiye koyarwa? Lahadin nan darasin a kan 'ya'yan Ruhu ne, ban san da wane baki zan ambaci kamunkai ba.

Sojan Kristi:

Yayana, sannu. Ni a ganina maganar a fili take. Kai da kanka ka ce mahaifinka haka yake, to wannan ruhun fushi ne da ke bin zuriya, kuma irin wannan ba ya fita sai da addu'a da azumi. Kwana uku ya yi kaɗan. Ka ɗaura ɗamara ka yi bakwai, ka nemi bayin Allah masu baiwa su tsaya tare da kai a tsawata masa cikin sunan Yesu. Kokawarmu ba da nama da jini ba ce, Afisawa 6:12. Kada ka ajiye koyarwa, abin da magabci yake so ke nan. Ina tuna ka cikin addu'a daren nan.

Dattijo Mai Ritaya:

Ɗana, na girme ka da shekara talatin da wani abu, kuma hanyar da kake kai na taka ta, don haka ka yi haƙuri da ni in na yi maka magana ba sakaye.

Ka koma ka karanta abin da ka rubuta da hannunka. Shugabanka ya ci maka mutunci a gaban jama'a, ka haɗiye. Yaro ɗan shekara 9 ya yar da waya bisa kuskure, ka karya kujera. Wanne ya fi ciwo a cikin biyun? Na farkon mana. Ashe linzamin yana hannunka, ka iya jansa, sai dai kana jansa ne a inda ka san in ka saki za ka biya. A gida ba mai korarka daga aiki. Haushin kaza ne ake hucewa a kan dami. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Ranar da wani dattijo ya gaya mini irin wannan magana na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa, amma daga ita na fara samun sauƙi, don wanda ya ce "idona ne yake rufewa" ba shi da abin yi sai jira, wanda kuwa ya ce "ni nake zaɓen inda zan saki" ya samu abin da zai tuba a kai.

Ɗana Sojan Kristi, himmarka ta yi kyau, kuma Iblis yana cikin maganar, Bulus ya ce kada a ba shi ƙofa. Amma ka duba Galatiyawa 5, inda ya jera zafin rai, a cikin ayyukan jiki ya sa shi, tare da kishi da jayayya. Ba a tsawata wa jiki ya fita, gicciye shi ake yi, kowace rana kuwa. Da fuskar Kayinu ta ɓaci, Allah bai ce masa wani ruhu ya hau shi ba. Ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya ce masa zunubi yana kwance a bakin ƙofa yana fakonsa, kuma shi ne zai rinjaye shi. Gadon da ka yi daga mahaifinka gadon ido ne. Shekara da shekaru kana kallon yadda namiji yake yi in ransa ya ɓaci, ka koya. Yanzu ga wani yana zaune a ajinka na gida yana ɗaukar darasin.

Fushin kansa ba lalle ya zama zunubi ba. Markus 3:5 ya faɗa ƙarara cewa Yesu ya dubi mutanen majami'a da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, sannan ya warkar da mai shanyayyen hannu. Ka lura da abin da fushinsa ya haifa, hannu ne ya miƙe. Maganar Haikali kuwa, duk mai zuciya ya haddace ta, ni ma da ita nake kare kaina a da. Amma ka buɗe Markus 11:11. Yesu ya shiga Haikali, ya dudduba komai, da yake yamma ta yi sai ya fita zuwa Betanya ya kwana. Washegari ne ya dawo ya kife teburan. Yohanna kuma a nasa labarin ya ce sai da ya tsaya ya tufka bulala da igiya. Wanda idonsa ya rufe ba ya zama tufka. Sannan da aka zo kan jikinsa, wani ɗan tsaro ya mare shi a gaban babban firist, me ya yi? Tambaya ya yi: in na faɗi mugun abu ka nuna shi, in kuwa daidai na faɗa, don me ka mare ni? Ya yi fushi don gidan Ubansa da kuma don nakasasshe, bai yi don kumatunsa ba. Mu kuwa akasin haka muke. A zalunci maraya a gabanmu mu ce Allah ya kyauta, a taɓa wayarmu gida ya kama da wuta.

Tambayar da nake so ka riƙe ita ce wadda Allah ya yi wa Yunusa har sau biyu a sura ta 4: daidai ne ka yi fushi? Yunusa yana neman mutuwa saboda tsiron da ya yi masa inuwa ya bushe, ga Nineba a gabansa da mutum fiye da 120,000 ko a jikinsa. Wayarka ita ce tsiron. Ba sai na gaya maka wane ne Nineba ba.

Me ya sa Allah bai cire ba? Musa ya kashe Bamasare yana da ƙarfinsa, ya farfasa allunan dutse a gindin Sina'i, sannan da tsufansa a Meriba aka ce ya yi wa dutse magana, ya buge shi sau biyu da sanda, abin da ya hana shi shiga ƙasar alkawari ke nan. Wannan Musan ne kuma Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce ba mai tawali'u kamarsa a duniya. Bulus ya kira kamunkai ɗan itace, ɗan itace kuwa ba ya nuna a ranar da aka yi shuka. Ga wani abin da yakan ba ni dariya: inda Fitowa 34:6 ta ce Allah mai jinkirin fushi ne, a Ibrananci kalmar tana nufin mai dogon hanci. Su a wurinsu fushi zafin hanci ne, to na Allah yakan daɗe kafin ya yi zafi. Abin da za ka roƙa ke nan, a ƙara maka tsawon hanci, tazara tsakanin jin zafi da buɗe baki.

Akwai labarin da na daɗe ina so a tarihin ikkilisiya. A shekara ta 390 aka yi tarzoma a Tasalonika, aka kashe babban hafsan sojan birnin. Sarkin Roma Tiyodosiyas, Kirista ne kuwa, ya fusata, sojoji suka karkashe dubban mutane, mai laifi da marar laifi. Ambros, bishof na Milan, ya rubuta masa wasiƙa a asirce. Bai ce masa mugu ba. Ya ce ya san shi mai tsoron Allah ne, amma yana da zafin rai, wanda in an lallashe shi yakan koma jinƙai nan da nan, in an zuga shi kuwa da ƙyar yake iya dawo da shi. Ya tuna masa da Dawuda da annabi Natan, ya kuma ce ba zai yi hidimar Jibin Ubangiji a gabansa ba sai ya tuba. Sarkin ya tuba a idon jama'a. Wani mai tarihin ikkilisiya na zamanin da ya biyo baya ya ce an kafa dokar jira kwana 30 tsakanin yanke hukuncin kisa da zartar da shi. In mai sarautar Roma ya iya sunkuyar da kai, kai ma za ka iya durƙusawa a gaban ɗan shekara 9.

Abin da za ka fara yi ke nan, yau. Ka kira shi shi kaɗai, ka zauna yadda idonku zai daidaita. Ka maimaita masa kalmomin da ka faɗa, ka ce ƙarya ne, ka ce zunubi ka yi wa Allah da shi, ka roƙe shi gafara. Kada kalmar "amma" ta shiga. Da ka ce "amma kai ma ka daina taɓa kayana," ka kwashe abin da ka zuba. Maganar waya ta jira wata rana. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, sai dai ka yi ta jera masa wasu a kanta har su danne ta.

Batun koyarwa, kada ka yanke shi kai kaɗai cikin dare. Titus 1:7 ya ce mai kula da ikkilisiya kada ya zama mai saurin fushi, don haka tambayarka tana kan hanya. Ka je wurin fastonka ka gaya masa duka, har kujerar, ka bar shi ya yanke. Matiyu 5:23-24 dai ya riga ya nuna tsari: a ajiye baiko a gaban bagade, a je a shirya, sannan a dawo.

Maman Tagwaye:

Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma. Amma ku yi mini haƙuri, kun yi maganar yaro, kun yi maganar fasto, kun tsallake matar da ta tsaya yara biyu suna bayanta. Ni ita nake ta tunani tun da na karanta.

Ɗan'uwa, ka ce ba ta ce uffan ba. Ka taɓa tambayarta abin da take lissafawa in ta ji ƙarar buɗe ƙofarka da yamma? Na san matan da suke karanta fuskar miji tun daga bakin ƙofa su yi wa yara ido su shige ɗaki. Ana yabon Abigail, matar Nabal, da ta tare Dawuda a hanya yana tafe da mutum wajen 400 da takuba zai shafe gidan Nabal saboda baƙar magana. Ta cancanci yabo, Dawuda ma ya gode wa Allah da ya aiko ta ta hana shi zub da jini. Amma sau ɗaya ta yi. Matar da kullum sai ta zama Abigail a cikin gidanta, gajiya take yi.

Ayar faɗuwar rana kuwa, ina ganin ka juya ta ta zama sanda. Bulus fushinka ya ce kada ya kai faɗuwar rana, bai ce ka tsare matarka da shari'a har ƙarfe ɗayan dare sai ta ce ta yafe ba. Kuma farkon ayar daga Zabura 4:4 ya ɗauko ta, ka je ka ga yadda zaburar ta ci gaba: ku yi tunani a zuciyarku a kan gadonku, ku yi shiru. Shirun ma yana cikin umarnin. Naka aikin kafin ka kwanta shi ne ka sauke naka a gaban Allah, ka ce mata "Ban riƙe ki ba, na kuma san na yi laifi, in kin shirya gobe ina nan." Shi ke nan, ka bar ta ta yi barci. Abin da kake nema da daddare, in ka duba da kyau, a sauke maka nauyin laifi ne don ka samu barci, ita kuwa ciwonta bai ko fara lafawa ba.

Ba ina magana ne kamar mai tsabta ba. Ni ba na ihu, gaba na iya. Na taɓa yin kwana 11 ban yi wa maigidana magana ba sai "an gama" da "sai ka dawo", ina zuwa sujada ina rera waƙa, ina ganin ni ce mai haƙuri tunda ban ɗaga murya ba. Wata uwa ce a majami'a ta lura, ta buɗe mini Ibraniyawa 12:15, maganar saiwar ɗaci da ke tsirowa ta ƙazantar da mutane da yawa. Ta ce mini, "'Yata, naki a ƙasa yake tafiya, nasa a sama, duk itace ɗaya ne." Don haka kada ka ɗauka maganin ihu shi ne ka koma ƙunshe abu a ciki. Matiyu 18:15 cewa ya yi ka je ka faɗa wa ɗan'uwanka laifinsa tsakaninku ku biyu. Faɗa ake yi, da baki, bayan an huce.

Akan ba mu misalin Monika, mahaifiyar Agustin na Hippo, sanannen bishof kuma malamin ikkilisiya na zamanin da. Mijinta Patrisiyas mai zafin rai ne, in ya hau ba ta tanka masa, sai ya sauko ta yi masa bayani, kuma kafin ya mutu ya karɓi bangaskiya. Labarin gaskiya ne, ɗanta ne ya rubuta. Abin da ba na so shi ne yadda wasu maza suke karanta wa matansu shi, maimakon su tambayi kansu ko suna so a tuna da su a matsayin Patrisiyas. Kuma ga duk 'yar'uwar da za ta ga wannan: in abin ya kai ga duka, ko kina tsoron ranki ko na yaranki, ki kai kanki inda za ki tsira, ki gaya wa shugabannin ikkilisiya da hukuma. Yafewa dabam, tsayawa a ƙarƙashin hannu dabam.

Ma'aikaciyar Jinya:

Bari in ƙara ta ɓangaren jiki, tunda Allahn da ya ba mu ruhu shi ya gina jikin.

In ranka ya ɓaci jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, tsokoki su ɗaure. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, ƙarfinsa yakan ragu a lokacin. Shi ya sa ayar da ka manna a madubi ba ta zuwa maka a tsakiyar ihu, tana nan, hanyar zuwa gare ta ce ta cushe. Dabara ita ce ka kama abin tun yana ƙasa. Kowa da alamarsa: wani kunnuwansa ke zafi, wani haƙora yake cijewa, wani numfashinsa ke gajarta. Ka gano taka. Ka shirya da matarka tun ana zaman lafiya cewa in ka ji ta za ka ce "zan fita, zan dawo mu yi magana," ka fita. Masu ba ma'aurata shawara sukan ce a ba jiki akalla minti 20 kafin a koma kan maganar. Amma in ka fita kana ta maimaita laifin da aka yi maka a ranka, ko awa biyu ka yi da zafinka za ka dawo. Ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo, wannan yana rage bugun zuciya. Nan ne wurin gajeriyar addu'a, "Ubangiji Yesu, ka yi mini jinƙai," tana tafiya daidai da numfashin.

Masu cewa a daki matashin kai ko a fasa wani abu don a huce, bincike bai goyi bayansu ba. A 2024 masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun tattara bincike 154 suka duba, suka ga abubuwan da ke kwantar da jiki su ne ke rage fushi, masu ƙara zafafa shi kuwa ba sa ragewa, gudu ma yakan ƙara. Kujerar da ka karya ba ta rage komai ba, horo ta ƙara wa hannunka.

Ka kuma lura da farkon labarinka, ka ce a gajiye ka dawo. Awa nawa kake barci? Ka ci abinci da rana? Da Iliya ya gudu jeji ya ce ya gaji da rai, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai fara da wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Ka je a auna jininka, shekara 41 ba yaro ba ne. In kuma ka ga ba ka jin daɗin komai, barci ya ƙi, ƙaramin abu yana harzuƙa ka kullum, ka ga likita, don ciwon damuwa a maza sau da yawa da fuskar faɗa yake zuwa. Ganin likita ko mai ba da shawara ba raunin bangaskiya ba ne. Luka ma likita ne.

Sojan Kristi:

Na ji, na kuma ƙaru. Tsorona dai kada mu mai da abin ya zama dabara da numfashi kawai, mu manta da ikon addu'a.

Dattijo Mai Ritaya:

Ɗana, Nehemiya 4:9: suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Aya ɗaya ce, bai raba ta biyu ba. Maman Tagwaye, kin kama ni, kuma kin yi daidai. Matata da tana da rai da ta riga ki faɗa.

Uban Yara Uku:

Na dawo bayan kwana 12. Na gode muku duka, har Sojan Kristi, don na san ka yi addu'ar da ka ce.

Baba, maganarku ta shugabana ta yi mini zafi sosai, na kashe waya na kwanta ina ba ku amsa a raina. Da asuba na rasa amsar. Na kira yaron kamar yadda kuka ce. Sau biyu "amma" ta zo bakina na mayar da ita. Da na ce masa ƙarya na faɗa, yana da amfani, sai ya yi shiru can ya ce, "Baba, in na girma zan saya maka wata." Ashe duk kwanakin nan lissafin kuɗin waya yake yi. A nan na kasa riƙe hawaye, shi kuma ya tsorata, don bai taɓa ganin haka ba.

Na je wurin Baba Fasto na faɗa masa komai. Ya ce in huta da koyarwa wata biyu, wani ya riƙe ajin, in riƙa zuwa wurinsa duk ranar Alhamis. Ban ji daɗi ba, gaskiya na so ya ce ba komai. An auna jinina kuma, ya ɗan hau, an ce in koma bayan mako biyu. Alamata a muƙamuƙi take, na gano.

Kada ku ɗauka na warke. Lahadin da ta wuce muna shirin fita sujada ƙaramar ta ɓatar da takalminta ƙafa ɗaya, mun makara, na ji murya ta fara hawa. Kalma uku sun riga sun fita kafin in kama kaina. Na ce zan fita in dawo, na tsaya a waje ina numfashi kamar wanda ya yi tsere, maƙwabci yana kallona. Mun isa ana tsakiyar wa'azi.

Maman Tagwaye, na yi mata tambayar da kika ce. Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce ta san irin ranar da za a yi daga yadda nake ajiye makulli a kan tebur. Shekara 13 ban sani ba. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, amma ba wannan ne karo na farko da na roƙa ba, za ta zuba ido ta gani zuwa Kirsimeti. Na ɗauki karyayyar kujerar zan fitar, ta ce in mayar da ita inda take.